Kai wa kamfanin wata jiha sammaci a Amurka: wakilinsa, gidan waya ko Sakataren Jiha?

A ce mutum yana zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ya sayi mota a gwanjo a Teksas, ya biya wani kamfanin sufuri ya ɗauko masa ita zuwa tashar jiragen ruwa ta Newark a jihar New Jersey, inda za a loda ta zuwa Kwatano ko Tema. Mota ta iso a rotse, kamfani ya daina ɗaga waya. Da ya duba takardu sai ya ga an kafa kamfanin a jihar Delaware, babban ofishinsa kuma yana Dallas, a Teksas. Ya shigar da ƙara, sammaci yana hannunsa. To, wa zai miƙa wa?

A gida mun saba masinjan kotu ne yake kai sammaci, kai dai ka biya kuɗin hanya ka nuna masa wuri. A yawancin kotunan Amurka ɗawainiyar tana wuyan mai ƙara, kuma ba a yarda ya kai da hannunsa ba. A kotun tarayya, Doka ta 4 cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula ta ce duk wanda ya kai shekara 18 kuma ba ya cikin shari'ar zai iya kaiwa, sannan ta ba da kwana 90 daga ranar shigar da ƙara. Kafin Disambar 2015 kwana 120 ne, aka rage. Kotunan jihar New York har yau suna kan 120. In wa'adin ya wuce ba ka kai ba, kuma ba ka da ƙwaƙƙwaran uzuri, alƙali yana iya korar ƙarar.

Hanyoyin da ke gabanka kusan biyar ne, kuma jama'a suna auna su da kuɗi ko da sauri. Ni ma'aunina daban ne. Idan kamfani ya samu takarda ya turo lauya ya kare kansa, kowace hanya ka bi ta yi aikinta, ba mai sake waiwayarta. Ranar da hanya take nuna ingancinta ita ce ranar da kamfani ya yi gum, ka samu hukunci a bayan idonsa, ka je riƙe asusunsa na banki, sai ga lauyansa ya bayyana yana cewa su ba a taɓa kai musu komai ba. Hanyar da za ta tsaya da ƙafarta a wannan rana ita ce ta zaɓa.

Babbar hanya ita ce wakilin karɓar sammaci. Kusan kowace jiha tana wajabta wa kamfanin da aka kafa a cikinta, da kuma na wata jiha da ya yi rajistar kasuwanci a cikinta, ya ajiye wani mutum ko wani kamfani mai adireshin titi a jihar, ba akwatin gidan waya ba, wanda aikinsa ke nan: ya karɓi takardun kotu a lokutan aiki ya isar. Manyan kamfanoni ba sa ɗora wannan a kan ma'aikatansu, haya suke ɗauka. Biyu da suka fi shahara su ne CT Corporation da Corporation Service Company, wanda ake kira CSC. Akwai wani ɗan gini a lamba 1209 titin North Orange a Wilmington, jihar Delaware, wanda a 2012 aka ruwaito cewa kamfanoni akalla 285,000 ne ke amfani da shi a matsayin adireshinsu na doka. Fiye da rabin manyan kamfanonin Amurka 500 a Delaware aka kafa su, ko da kuwa ba su da ko teburi ɗaya a can.

Gano wakilin ba wuya. Ka shiga shafin intanet na ofishin Sakataren Jiha, wato jami'in gwamnatin jiha da ke riƙe rajistar kamfanoni, sashen neman kamfanoni, ka rubuta suna. Zai fito maka da cikakken sunan kamfanin, ranar rajista, ko rajistar tana raye ko ta mutu, da sunan wakili da adireshinsa. Ka fara da jihar da ka kai ƙara. In kamfanin ya yi rajista a can, wakilinsa na nan kusa, ba sai ka tsallaka ko'ina ba. In bai yi ba, sai ka koma jihar da aka kafa shi. Ka buga shafin a takarda da kwanan watan ranar, kuma ka sake dubawa ana gobe za a kai, domin kamfanoni suna sauya wakili, wakilai kuma suna ajiye aiki in an daina biyansu.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake karɓa ba zai ɗauka miƙawa ce kawai. Mai kai sammaci yana isa kanta, ma'aikaciya ta karɓi takardun, ta buga sunan da ke saman sammacin a kwamfuta, ta gwada shi da na rajistarsu harafi da harafi. In ka rubuta sunan da ke jikin mota ko kan rasit, alhali sunan doka daban ne, ko ka sa Inc. a inda ya kamata LLC (haruffan ƙarshen suna masu nuna nau'in kamfani), za ta turo maka takardunka, ko kuma su karɓa, bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta biyo ka cewa ba sa wakiltar wannan suna. Wannan ya fi faruwa da kamfanoni masu rassa, inda uwa da 'ya'yanta biyar duk sunansu ɗaya in ban da kalma guda a ƙarshe. In suna ya yi daidai, sai ta buga hatimin rana da sa'a, a ɗauki hoton takardun a tura wa lauyoyin kamfanin, sau da yawa a ranar. Shi kuma mai kaiwa ya cike takardar rantsuwa: ranar kaza, ƙarfe kaza, adireshi kaza, na miƙa wa wance. Wannan takarda ita ce makaminka, kuma sai ka shigar da ita kotu.

Ƙarfin wannan hanya shi ne kamfanin da kansa ya naɗa wakilin, ya rubuta wa gwamnati cewa a kai masa nan. Da zarar wakili ya karɓa, a idon doka kamfani ya karɓa. In wakilin ya yi sakaci ya ajiye takarda a aljihun tebur, galibi rigimar tsakaninsu ce, ba taka ba. Kuɗin mai kaiwa kuwa yawanci bai wuce dala ɗari da 'yan kai ba, sai in gaggawa kake so. A shari'ar da kake neman dubban daloli, wannan ba wurin tsimi ba ne.

Sai dai wa ya halatta ya kai, wannan ya danganta da jiha. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke Greensboro su lura: a Arewacin Karolina, kai sammaci hannu da hannu a cikin jihar aikin ofishin sherif ne tukuna, wato jami'in tsaro na gunduma, mai kaiwa na haya yana shigowa ne bayan sherif ya dawo da takarda bai samu kaiwa ba, kuma sammacin yana da kwana 60 kafin ya buƙaci sabuntawa. A New York ba a kai sammaci ranar Lahadi. Dokar kotun da ka shigar da ƙara ita ce jagora. Kotun tarayya ta fi sassauci, tana karɓar tsarin jihar da take zaune ko na jihar da aka kai takardar.

Hanya ta biyu ita ce gidan waya, wato wasiƙa mai rajista wadda sai an sa hannu a karɓa, katin shaidar ya dawo maka. Arha ce ƙwarai, 'yan daloli ne. A wasu jihohi ma ita ce ta yau da kullum: a Ohio magatakardan kotu ne yake aika sammaci ta wannan hanya tun farko. Arewacin Karolina ta yarda a aika wa jami'in kamfani ko wakilinsa. Kalifoniya ta yarda da ita ga wanda ake ƙara da ke wajen jihar, kuma ana lissafin an kai a rana ta 10 bayan aikawa. Amma Doka ta 4 ta tarayya ba ta san ta a karan kanta ba, sai in dokar jiha ta buɗe ƙofar, kuma a New York jefa sammaci a gidan waya kaɗai ba ya wadatarwa.

Ko inda aka yarda da ita, rauninta yana kan katin. Ya dawo da wani zane da ba a karanta shi, ko ba sa hannu sam, ko bai dawo ba. Wa ya karɓa? Yana da izinin karɓa? Ba ka da mutumin da zai tsaya gaban alƙali ya ce ni na miƙa. In za ka bi ta nan, ka aika wa wakilin karɓar sammaci, kada ka aika babban ofishi. Ɗakin wasiƙu na babban kamfani yana haɗiye takarda, ofishin wakili kuwa yana rubuta duk abin da ya shigo. In wasiƙa ta dawo ba a karɓa ba, kada ka zauna. Kotun Ƙolin Amurka ta ce tun 1950, a shari'ar Mullane, dole sanarwa ta zama irin wadda mai son a ji da gaske zai yi. A 2006, a shari'ar Jones da Flowers, ta ƙara da cewa gwamnatin da wasiƙarta ta dawo ba a karɓa ba sai ta ƙara wani yunƙuri kafin ta sayar da gidan mutum. Alƙalai suna auna masu ƙara da irin wannan tunani.

Ta uku ita ce ka roƙi kamfanin ya yafe maka kaiwa. A kotun tarayya kana aika masa kwafin ƙara, da fom biyu na amincewa, da ambulan da ka riga ka biya kuɗinsa, ka ba shi akalla kwana 30 ya sa hannu ya dawo da shi. Ladansa shi ne maimakon kwana 21 na ba da amsa, sai ya samu 60 daga ranar da ka aika. In ya ƙi ba dalili, kotu za ta ɗora masa kuɗin da ka kashe wajen kai masa daga baya. In ya sa hannu, batun kai sammaci ya mutu, ba mai tayar da shi. Ta wannan fuska babu hanyar da ta fi ta tsabta.

Amma ta dace ne da kamfani mai lauya wanda kuka riga kuna musayar wasiƙu. Kamfanin da ya daina ɗaga waya ba zai cike maka fom ba, kuma kwana 30 ɗin da ka jira daga cikin 90 ɗinka ake cirewa. Akwai haɗarin da ya fi wannan. A wasu jihohi shigar da ƙara kaɗai ba ya tsayar da agogon wa'adin da doka ta ba ka na neman haƙƙi, sai an kai sammaci, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1980, a shari'ar Walker da Armco Steel, cewa irin wannan doka ta jiha tana bin mai ƙara har kotun tarayya in haƙƙin da yake nema na dokar jiha ne. Wanda wa'adinsa ya kusa cika ba shi da lokacin roƙo. Sannan yawancin ƙararrakin mutanenmu a kotun jiha suke ƙarewa, tunda rikicin kuɗi tsakanin 'yan jihohi daban sai ya haura dala 75,000 kafin ya shiga ta tarayya ta wannan ƙofa. Jihohi da dama suna da tasu takardar amincewa, amma kwanakin sun bambanta.

Ta huɗu, Sakataren Jiha, ita ce mai rikitarwa, domin suna ɗaya ne amma matsayinta ya sha bamban daga jiha zuwa jiha. A New York ƙofar gaba ce. Duk kamfanin da aka kafa a jihar ko ya yi rajista a cikinta, doka ta riga ta naɗa masa Sakataren Jiha a matsayin wakili, ajiye wani wakilin daban zaɓi ne. Mai kaiwa zai je ofishin Sakataren a Albany, babban birnin jihar, da kwafi biyu da dala 40, kuma a ranar da ya miƙa an kai ke nan. Ofishin zai tura wa kamfanin ta wasiƙa mai rajista zuwa adireshin da ke fayil, kamfanin kuma yana da kwana 30 ya amsa, maimakon 20 da zai samu da hannu da hannu aka ba shi a cikin jihar. Shi ya sa lauyoyin New York suke son ta: ba farautar kowa.

Ga inda gizo ke saƙa. In adireshin da ke fayil tsoho ne, takarda ba za ta isa ba, kamfani zai yi shiru, kai kuma ka ɗauka ka ci. Dokar New York ta bar wa wanda ba a kai masa hannu da hannu ba, kuma bai samu labari a kan lokaci ba, damar ya nemi a sake buɗe shari'ar cikin shekara guda da jin labarin hukuncin, har zuwa shekara biyar da yanke shi, in yana da abin kare kansa. Kafin ma a ba ka hukuncin, sai ka sake aika wa kamfanin kwafin sammaci ta gidan waya akalla kwana 20 kafin nan. In kuma kamfanin bai taɓa rajista a New York ba, kamar yadda mai yiwuwa ne ga na Dallas ɗin nan, sashen doka daban ne: ka kai wa Sakataren, ka kuma aika wa kamfanin da kanka ko a miƙa masa a jiharsa, ka shigar da takardar rantsuwa cikin kwana 30, sannan a ƙirga kwana 10. Kotunan jihar ba sa yafe kuskure a waɗannan matakai.

A Kalifoniya ƙofar baya ce. Sai ka nuna wa alƙali da rantsuwa cewa ka nemi wakilin iya ƙoƙari ba ka same shi ba, ya ba ka oda, sannan ka kai ofishin Sakataren a Sacramento, babban birnin jihar, a lissafa an kai a rana ta 10. Teksas tana buɗe ta ne in kamfani bai ajiye wakili ba, ko an neme shi da himma a adireshinsa ba a same shi ba, ko kuma baƙon kamfani ne da ya yi kasuwanci a jihar ba rajista. Kuma ba za a ba ka hukunci a bayan ido ba sai ka kawo takardar shaida daga ofishin Sakataren cewa ya tura. Kotunan ɗaukaka ƙara na Teksas sun yi suna wajen rushe irin wannan hukunci a kan kuskuren da mutum zai raina, kamar bambanci a sunan wakili tsakanin sammaci da takardar shaidar kaiwa. Don haka a waɗannan jihohi, duk zuwan da mai kaiwa ya yi bai tarar da kowa ba, ya rubuta rana da sa'a da abin da ya gani a ƙofar. Da waɗannan rubuce-rubuce za ka buɗe ƙofar Sakataren.

Ta biyar ita ce miƙa wa jami'in kamfanin kai tsaye: shugaba, ma'aji, babban manaja. Doka ta yarda. Ga ƙaramin kamfani na mutum ɗaya da motoci uku, sau da yawa mai shi ne wakilin kansa, don haka hanyar ta zama ɗaya da ta farko. Ga babban kamfani ban ba da shawara ba. Yarinyar da ke kan teburin karɓar baƙi ko mai kula da reshe ba lallai ne su kai matsayin da doka ke nufi ba, kuma ka ba lauyan kamfani abin musu a banza.

Wasu sana'o'i suna da nasu tsari, kuma ɗaya ya shafi mai motar nan kai tsaye. Dokar tarayya ta wajabta wa kamfanonin manyan motoci masu ɗaukar kaya tsakanin jihohi, da dillalan sufuri, su shigar da fom mai suna BOC-3 a FMCSA, hukumar tarayya mai kula da irin waɗannan kamfanoni, inda suke naɗa mai karɓar sammaci a jihohin da suke aiki. Da lambar rajistar da ke rubuce a ƙofar babbar motar kamfanin za ka iya bincikawa a shafin hukumar. Ko da kamfanin bai yi rajista da Sakataren jiharka ba, mai yiwuwa yana da wannan wakili a cikinta. Kamfanonin inshora ma a jihohi da yawa ta ofishin kwamishinan inshora ake bi. Ga mai zuwa kotun ƙananan ƙararraki kuwa, samun wakili a cikin jiha yana iya zama sharaɗin shiga: a Kalifoniya, in ban da 'yan keɓantattun lamurra kamar hatsarin mota da rikicin fili, dole a cikin jihar za a kai sammacin wannan kotu.

Akwai abin da babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke gyarawa, kuma shi ya fi cin mutane. Kai sammaci daidai daban, hurumin kotu a kan kamfanin daban. Kana iya miƙa wa wakili a Wilmington ba kuskure ko ɗaya, alƙalin New York ya ce ba shi da iko a kan wannan kamfani. Tun shari'ar International Shoe ta 1945 ake tambayar ko kamfanin yana da alaƙa da jihar gwargwadon da ya dace a ja shi kotunta. A 2014, a shari'ar Daimler, Kotun Ƙoli ta taƙaita wuraren da za a iya ƙarar kamfani a kan kowace irin magana zuwa kusan biyu: inda aka kafa shi da inda babban ofishinsa yake. A ko'ina ban da nan, sai rikicin ya danganci abin da kamfanin ya yi a jihar. Ko ajiye wakili a jiha yana nufin kamfani ya miƙa wuya ga kotunanta? A Yunin 2023, alƙalai biyar a kan huɗu suka goyi bayan Robert Mallory, tsohon makanikin taragon jirgin ƙasa mazaunin Bajiniya, wanda ya kai Norfolk Southern ƙara a Pennsylvania a kan cutar daji da ya ce ya samo a wurin aiki a wasu jihohi, domin dokar Pennsylvania ta fito fili ta ce rajista yarda ce. Kotun ƙolin Jojiya ta tafi a kan irin wannan fahimta a 2021. A 2021 ɗin kuma kotu mafi girma ta jihar New York ta ce a'a, rajista da naɗa wakili yarda ce da karɓar takarda kawai. Mai motarmu an ɗauko masa kaya daga Teksas an sauke a New Jersey, don haka tambayar me kamfanin ya yi a New York tambaya ce ta gaske. Ita ce ta cancanci kuɗin ganin lauya na awa guda kafin a biya kuɗin shigar da ƙara. A zaman nan lauya ya duba yarjejeniyar da aka sa wa hannu, domin da yawa suna ɗauke da sharaɗin sulhu a wajen kotu ko na kotun wata jiha takamaimai.

Da ni ne shi, in kotun New York ta tabbata tana da hurumi, zan nemi wakilin kamfanin na cikin jihar, ta shafin Sakataren Jiha ko ta BOC-3, in biya mai kaiwa ya miƙa hannu da hannu a makon farko. In babu, sai wakilinsa na Delaware ko na Teksas, ta hannun mai kaiwa na can wanda ya san kantar da ma'aikatanta. Albany zan ajiye ta a matsayin ƙari ko mafita, kuma in na bi ta, zan aika kwafi zuwa kowane adireshin kamfanin da na sani, har wanda ke kan rasit, in adana shaidar aikawa. In kuma lauya ya ce Teksas za a je, lissafin kwanaki ma ya sauya: a kotunan gunduma na can, wa'adin amsa yana cika ne ƙarfe 10 na safiyar Litinin ɗin da ta biyo bayan cikar kwana 20 da kai sammaci, kuma kafin a nemi hukunci a bayan ido sai takardar shaidar kaiwa ta yi kwana 10 a fayil ɗin kotu.